Unguwannin Jira

Zuwa ga mahaifina abin alfaharina,

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ya ƙafar, kumburin ya sauka? Ya kunnen? Ina gaida Yaya da matarsa da yaransu. Mu nan lafiya ƙalau. Baban yara yana gaishe ka, jikokinka kuma sun ce in tambaye ka ko ka manta hanya ne.

Yaya ya ba ni labarin ranar da na kira. Ya ce ka riƙe wayar kana ta "madalla, madalla" har na gama, da aka kashe ka juya ka tambaye shi wa ya kira. Na yi dariya har da hawaye, daga baya kuma na gane ashe kunnen ne ya yi nauyi haka. Shi ya sa na koma takarda. Ido dai Allah ya bar maka shi, kuma na san ka da son karatu a tsanake.

Ka ce in fayyace maka aikin da nake yi, don mutane na tambayarka kana ce musu ina asibiti, alhali ko allura ban iya ba. To ga shi. Akwai wani shiri da ake haɗa matasa masu hidimar ƙasa da matan unguwa masu aikin sa-kai, suna shiga gidajen masu hawan jini sau ɗaya a mako. Su auna jini, su duba ko an sha magani, su raka wanda ya kasa zuwa asibiti. Ma'aikatar lafiya ta ce ba za ta faɗaɗa shi ba sai ta ga shaida a rubuce cewa yana aiki. Shi ne aka ba ofishinmu binciken. Aka ɗauki unguwa ashirin da huɗu, aka rubuta sunayensu aka zuba a kwali, aka yi ƙuri'a a gaban jama'a. Sha biyu suka samu masu sa-kai. Sauran sha biyun muke ce wa unguwannin jira. Su ba a tura musu kowa, sai mu da muke zuwa duk wata uku mu auna jini, mu yi tambayoyi, mu tafi. Bayan shekara biyu a kwatanta. In jinin waɗancan ya fi sauka, an samu shaida, sai a tura wa kowa.

Ni ce mai kula da masu tattara bayanai a unguwannin jiran, mutum takwas ne a ƙarƙashina, gidaje kuwa kusan ɗari shida. Ni ce kuma na bi su ƙofa ƙofa tun farko na ba su haƙuri, na ce layi ne, nasu na zuwa.

Shugabanmu Farfesa mutum ne mai tsantseni, ko biron ofis ba ya tafiya da shi gida. Dokarsa gare mu gajeriya ce: ku auna, ku rubuta, ku fito. In jinin mutum ya haura lambar haɗari a ba shi takardar zuwa asibiti, ban da wannan ko shawarar rage gishiri ba a yarda mu bayar ba, don kada mu ɓata kwatancen.

Mai jagorantar masu sa-kai kuma wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, Sista kowa ke ce mata. Da mata shida ta fara shekara goma sha ɗaya da suka wuce, kafin gwamnati ta san da zamansu. In na ga yadda take ɗaga marar lafiya tana masa faɗa tana gyara masa matashi, kai nake tunawa lokacin da kake ɗakin magani.

Akwai wani dattijo cikin mutanena da nake so ka sani. Mai Agogo ake ce masa, don shekara arba'in ya yi yana gyaran agogo kafin ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ɗaki ɗaya gare shi a bayan tsohon shagonsa, wanda yanzu wani ke sayar da cajar waya a ciki. Matarsa ta rasu, ɗansa ɗaya yana nesa, sai aike. 'Yar Tambaya yake kirana. In na tambaye shi yawan gishirin da yake ci, ya ce shi lokaci ya iya aunawa, gishiri sai a tambayi mai sayar da abinci. In na tambaye shi tafiyar motsa jiki, ya ce in rubuta daga gado zuwa bayi, zuwa da dawowa. Duk zuwan da na yi sai ya ƙirga mini watannin da suka rage a turo masa nasa mai sa-kan.

Mako mai zuwa za mu gama awon ƙarshe. Bayan wata ɗaya sakamako zai fito. Kowa a ofis yana murna, ni kuwa gabana sai faɗuwa yake. Ka sa mu a addu'a.

Ka huta lafiya.
'Yarka,
Auta


Baba,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da kai da mutanen gidan duka. Na samu amsarka ta hannun direban motar garinmu, na ga har yanzu rubutunka ya fi na Yaya kyau, kada dai ka gaya masa na ce haka. Na ji daɗi da ƙafar ta yi sauƙi. Kada ka ga ta yi sauƙi ka koma hawa tsani gyaran rufi.

Sakamako ya fito ranar Talata. Aka tara mu a ɗakin taro, aka rufe labule aka kunna majigi. Layi biyu ne a bango, shuɗi na unguwannin masu sa-kai, ja na unguwannin jira. Abin da muka shekara biyu muna jira shi ne mu ga shuɗin ya gangara ya bar jan a sama. Sai ga su sun gangara tare, kafaɗa da kafaɗa, kamar waɗanda aka ɗaure da igiya ɗaya. Bambancin da ke tsakaninsu bai taka kara ya karya ba. Farfesa ya ce irin wanda ko babu shiri ma ana iya samu ne bisa dace kawai.

Bai tsaya nan ba. Waɗanda suka kwanta asibiti sun fi yawa a unguwannin masu sa-kai. Kai ka san dalili ba sai an faɗa maka ba: can akwai mai ɗaukar mutum ya kai shi, nan kuwa sai dai ya kwanta a ɗakinsa. Amma tun kafin a fara an rubuta an sa hannu cewa raguwar kwanciya asibiti ita ce alamar nasara. Don haka a takarda, abin ya fito kamar masu sa-kai ƙara wa mutane ciwo suka yi. Waɗanda suka rasu kuma, can talatin da ɗaya, nan talatin da uku.

Wani abokin aikinmu ya ce ko za a sake duba alƙaluman ta wata fuska, a ware mata kawai, ko tsofaffi kawai, wataƙila a samu inda shirin ya yi fice. Farfesa ya ce wanda ya harba kibiya sannan ya je ya zana da'ira a inda ta faɗa ba maharbi ba ne. Sau uku ya sa aka sake lissafin, mutum uku daban, duk amsa ɗaya.

Sista ba ta wurin. Na gode wa Allah da haka.

Da aka kunna fitila, Farfesa ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da gefen riga. Ya ce shi ba rashin saukar shuɗin ne ya ɗaure masa kai ba, ai ya sauka. Saukar jan ne. Mutanen da ba a yi musu komai ba, me ya saukar musu da jini haka? Ya ce wani abu ya faru a unguwannin jira, kuma yana so ya san ko mene ne. Bai kalle ni ba, gaba ɗayanmu ya kalla. Amma yaran aikina takwas duk suka sunkuyar da kai lokaci guda, ni ma na ƙura wa takalmina ido.

Akwai maganar da ya kamata in rubuta maka, na ɗauki biro sau biyu na ajiye. Ka yi mini haƙuri zuwa wani makon. Abinci ma tura shi nake, baban yara har ya fara tambaya ko wani abu ya yi mini.

A gaida kowa.
'Yarka,
Auta


Baba,

Assalamu alaikum, da fatan ka tashi lafiya, ya jikin, ya haƙuri da mu. Ina gaida Yaya da iyalinsa. Yau ba zan tsawaita gaisuwa ba, don in na tsaya zan sake ajiye biron.

Ni ce abin da ya faru a unguwannin jira.

A zagaye na biyu abin ya fara. Na shiga gidan wata mata mai wanki da guga, na auna ta, jininta ya tsaya lamba biyu kacal ƙasa da ta haɗari. A doka, in rubuta in fito. Tana zaune tana murza ƙeyarta da hannu, tana cewa ciwon kai ne kawai na zafin dutsen guga. Baba, haka Innarmu take yi. Ba tsohon ciwo nake tayar maka ba, na san kana can wurin da aka tura ka aiki lokacin, babu wanda ya san jininta ya hau sai da ta faɗi. Amma ni ce na tarar da ita a ƙasa. Na kasa tashi daga gaban matar nan. Na ce mata ta rage gishiri, ta je a duba ta gobe ba jibi ba, na rubuta mata lambar wayata a bayan katin wanki.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Mai Agogo na tarar yana shan maganinsa ranar da ya ji jiri kawai, sai na zana masa rana da wata a jikin kwalin maganin, na riƙa kiransa duk Juma'a. Wani na raka shi asibiti ranar hutuna. Wata na nemo mata kantin da ke da irin maganinta lokacin da ya yanke a asibitin unguwa. Yaran aikina suka ga abin da nake yi, su ma suka bi. Ban ce su yi ba, ban kuma hana ba. Ba mu taɓa maganar a tsakaninmu ba, kowa ya san kowa ya sani. Da na zauna na ƙiyasta, gidajen da muka sa wa hannu sun haura ɗari biyu.

Abin da zai ba ka mamaki, sau uku na roƙi Sista ta tura wa Mai Agogo ɗaya daga cikin matanta a ɓoye, ko sau ɗaya a wata. Sau uku ta hana. Ta ce in yi haƙuri, in aka bar binciken ya fito da tsabta, kowa zai samu, har shi. Na ji haushinta a lokacin, na ce a raina ashe ita ma zuciyarta ta bushe.

Akwai laifi na biyu. A takardar da aka ba ni in karanta wa mutane tun farko, cewa aka yi za a tura musu masu sa-kai idan aka ga amfanin shirin. Ni da na ga aikin Sista da idona, ban ga abin shakka ba. Sai na riƙa haɗiye "idan" ɗin. Bayan shekara biyu naku na zuwa, haka na faɗa a ƙofa ɗari shida.

Shekaranjiya na shiga ofishin Farfesa na faɗa masa duka. Na zaci zai yi faɗa, na ma fi son ya yi. Ya saurare ni har na gama, ya tambaye ni ko na rubuta gidajen da muka taimaka da ranakun. Na ce a'a, wa ke rubuta laifinsa. Ya ce to babu yadda za a cire su daga lissafi, kuma ko da na tuna wasu, tsince su yanzu bayan an ga sakamako maguɗi ne. Ya ce mai yiwuwa ne abin da muka yi shi ya shafe bambancin. Mai yiwuwa kuma ko ba mu yi ba haka zai fito, tunda magani kan yanke wata da watanni a ɓangarorin biyu, kuma tunatar da mutum ya sha abin da babu ba ya saukar da jini. Na tambaye shi wanne ne a ciki. Ya ce, "Kin taimaki mutum ɗari biyu, wannan na sani. Ko nawa kika hana, ban sani ba, kuma babu wanda zai taɓa sani."

Zai rubuta abin a rahoto yadda yake, ba tare da suna ba. Zai kuma roƙi ma'aikatar lafiya a ƙara shekara biyu a sake gwadawa. Da ya faɗi wannan bai kalli fuskata ba, don ko shi ya san da wuya a yarda.

Garin neman gira na rasa ido, Baba. Ka gaya mini gaskiya, kada ka lallashe ni.

'Yarka,
Auta


Baba,

Assalamu alaikum. Ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Yaya ya ce ka yi mura, Allah ya ƙara sauƙi, ka daure da ruwan ɗumi. Yara lafiya, ƙaramar ta fara karanta takardunka da kanta, don haka na koma ɓoye su a ƙasan akwati.

Na karanta amsarka ya fi sau goma. Ka ce shekara talatin da biyar ka yi a ɗakin magani ba ka taɓa barin mai ciwo ya fita ba ka ce masa komai ba, kuma da na yi shiru a gaban matar nan da ba jininka ba ce ni. Na gode. Na yi kuka da na karanta. Amma kai mutum ɗaya ne a gabanka kowane lokaci. Ni an ba ni amanar waɗanda ba sa gabana, waɗanda ke unguwannin da ko sunansu ba a sa a kwalin ba, kuma amanarsu na ci.

An yi zama da ma'aikatar lafiya ranar Alhamis. Minti arba'in aka ba mu. Daraktan ma'aikatar mutumin kirki ne a fuska, ya tashi ya ba Sista kujerarsa da ya ga ba ta samu wuri ba. Rahoton shafi saba'in ne, yana gabansa, na lura shafin farko ne kawai ya lanƙwashe. Abin da na yi yana shafi na hamsin da takwas, sakin layi ɗaya. Farfesa ya jawo hankalinsa wurin, ya yi bayani, ya roƙi ƙarin shekara biyu. Daraktan ya tambaye shi ko zai iya sa hannu cewa shirin yana saukar da jini. Farfesa ya ce ba zai iya ba. Ko zai iya sa hannu cewa ba ya yi? Ya ce wannan ma ba zai iya ba. Daraktan ya ce to shekara biyu da aka yi me aka samu ke nan.

Sista ta nemi magana. Ba ta zo da takarda ba. Ta faɗi yadda matanta ke juya wanda ya kwanta don kada bayansa ya yi gyambo, yadda suke yanke wa tsofaffi farce, yadda wata yarinya mai hidimar ƙasa ta tarar da wata tsohuwa kwana biyu a ƙasa ba mai ɗaga ta. Ta ce wannan a wane layi yake, shuɗi ko ja. Babu wanda ya yi dariya. Daraktan ya ce bai musa ko ɗaya ba, mahaifiyarsa ma tana kwance. Amma shiri uku ne a gabansa, gurbi ɗaya gare shi, kuma sauran biyun sun zo da alƙaluman da suka goyi bayansu. Ban ga abin da zan ce ya yi ƙarya a kai ba. Wannan shi ne abin da ya fi ciwo, na nemi mugu a ɗakin nan ban samu ba.

An yanke cewa daga rukuni mai zuwa masu hidimar ƙasa ofisoshi za a rarraba su. Na'urorin awon jinin da ke hannun matan Sista kuma a mayar da su sito kafin ƙarshen wata.

Na samu Sista a bakin titi tana jiran mota, jakarta a hammata. Na fara magana ta ɗaga mini hannu, ta ce ta karanta shafin, kuma ba sai an sa suna ba. Ta daɗe tana kallon motoci. Sannan ta ce, "Sau uku kika roƙe ni na hana. Duk ranar da na hana ki, sai in koma gida ina jin kaina muguwa. Na daure ne don a samu gaskiya." Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Allah ya ba ki ladan waɗanda kika taimaka, 'yata. Ni dai yau ba ni da abin ba ki." Motar ta zo ta shiga. Da ƙyar ta ɗaga ƙafa ta hau, ban taɓa lura ta tsufa haka ba.

Na ji an ce za ta ci gaba da mata huɗu ko biyar da suka ce ba za su bari ba. Ba na'ura, ba katin da ke sa a saurare su a asibiti. Sun koma inda suka fara, sai dai yanzu akwai takarda mai hatimi da ke cewa ba a ga amfaninsu ba.

Ka gaida mutanen gida.
'Yarka,
Auta


Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaisuwa, ina fata murar ta sake ka. Ya ƙoƙari, ya zaman gida? Ka yafe mini jinkirin amsa, ba mantawa na yi ba. Baban yara ya ce in gaya maka in an yi hutun makaranta zai kawo mu, ko kwana uku ne.

Farfesa bai kore ni ba. Ya mayar da ni tebur, ina gyara alƙaluman da wasu suka tattaro. Ya ce na iya aiki, amma ba zai sake tura ni gidan kowa ba, don ya san zan sake, ni ma na san zan sake. Ban yi musu ba.

Ofis ya tura wa mutanen unguwannin jira saƙon waya, layi uku, ana gode musu da haɗin kai, ana sanar da su an kammala bincike. Rabinsu ba sa karatu, waɗanda suka karanta kuma suka ɗauka albishir ne. Wayata ta riƙa ƙara, ana tambayata ranar da za a fara turo mutane. Sai na ga bakin da ya yi alkawari shi ya kamata ya je ya warware. Ina tashi daga aiki in shiga gida biyar ko shida kafin rana ta faɗi. Na yi kusan hamsin yanzu. Wata ta rufe ƙofa ina tsakiyar magana. Wani ya ce dama shi ya sani, talaka ba ya jiran layi ya iso kansa. Mai wanki da guga ta riƙe hannuna tana ba ni haƙuri, ita ke lallashina, wannan ya fi rufe ƙofar zafi.

Zuwa wurin Mai Agogo na yi ta ɗagawa, sai jiya na je.

Tun daga bakin lungu na hango shi zaune a ƙofar ɗakinsa. Ya yi aski, ya sa riga mai guga. A gefensa akwai wata kujerar katako mai hannu, an goge ta tana ƙyalli, ba kowa a kai. Ya ce tun ɗaya ga wata yake roƙon maƙwabcinsa ya fito masa da ita kowace safiya kafin ya tafi aiki, ya mayar in ya dawo, don ɗakin ya yi duhu da yawa ga baƙo, kuma bai san ko mace za a turo ba. Ya tambaye ni ko na san wanda aka zaɓa masa. Ya ce in dai da hali a ba shi mai surutu.

Na zauna a dakalin ƙofa, ban iya hawa kujerar ba. Na faɗa masa komai, har da "idan" ɗin da na haɗiye, har da shafi na hamsin da takwas. Ban san ko ya fahimci zancen layi shuɗi da ja ba. Ya dai fahimci ba mai zuwa. Ya riƙa shafa hannunsa da ya mutu da mai ran. Can ya ce ashe maganin da na sa shi sha kullum shi ya kore masa baƙonsa. Ya faɗa ne kamar wasa, ya so ya yi dariya, ba ta fito ba.

Sannan ya ce, "To ke fa, 'Yar Tambaya? Bayan wata uku za ki zo awo?" Na ce masa an karɓe na'urar, amma zan riƙa leƙowa. Ya gyaɗa kai. Shi ya san mutane, ya san yadda leƙowa take ƙarewa, ni ma na sani. Gida ɗari biyar da hamsin ne a gabana ban ko je na ba su haƙuri ba.

Da na miƙe zan tafi ya ce in taimaka masa da abu ɗaya. Maƙwabcin ba zai dawo da wuri ba yau, ga hadari ya haɗo, shi kuma hannu ɗaya ba ya ɗaga ta. Na ɗauki kujerar na shigar masa da ita ɗaki. Ya nuna mini bayan ƙofa, ya ce in kife ta a kan akwati, don kada ta tare masa hanya.

Kada ka wahalar da idonka wajen neman abin da za ka ce mini a kan wannan, Baba. Ka rubuto mini labarin gida kawai, ko na kajin matar Yaya ne. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya jiƙan Innarmu.

Wassalam.
'Yarka mai ƙaunarka,
Auta